Akawu Ya Rufe Koke Ɗari Huɗu da Sha Biyu

Tun ranar da Akawu ya yi ritaya, Maman Nas ba ta ƙara taka keken ɗinkinta da kwanciyar hankali ba. Shekara ashirin da takwas mijin nan nata ya yi a teburin karɓar koke na ofishin ruwa, kuma duk wanda ya zauna kusa da shi minti biyar sai ya ji labarin cewa fayil bai taɓa kwana a gabansa ba. Gaskiya ne kuwa. Mutum ya kawo kuka famfonsa ya yi wata uku a bushe, Akawu ya karɓi takardar hannu bibbiyu, ya buga mata hatimi, ya rubuta "An duba, a yi haƙuri," ya cusa a kabad. Tebur fes kamar an lashe. Famfo kuwa, sai dai a jira damina.

'Yarsu ɗaya, nas ce a wani ƙaramin asibiti, shi ya sa kowa a layin ke ce mata Nas. In ta dawo daga aiki ta ci abinci, sai ta zauna a falo jikin taga, nan ne kaɗai intanet ke kamawa a gidan, ta buɗe kwamfuta. Akwai wata manhaja da ƙananan asibitoci ke rubuta sunayen marasa lafiya da ranakun rigakafin yara a ciki. Kyauta ce, ba ta da mai ita, mutane ne daga ƙasashe daban-daban ke haɗuwa suna gyara ta don Allah. Shekara biyu Nas tana cikinsu. Sun riga sun ba ta ƙaramin makulli, na tsara koken da ake kawowa, kuma ranar Asabar mai zuwa za su yi taro su ba ta babban makulli, wanda mutum bakwai ne kawai ke riƙe da irinsa a duniya.

Maman Nas ba ta gane makullin da ba a rataya shi a ƙugiya ba. Abin da ta gane shi ne, tun da aka sa ranar, yarinyar nan ke wanke-wanke tana waƙa.

Ranar Litinin Akawu ya leƙo ta bayan kafaɗar Nas, kofin shayi a hannu.

"Uwata, wannan dogon jerin kuma na mene ne?"

"Koke ne, Baba. Duk wanda ya ga matsala a manhajar, nan yake rubutowa."

"Guda nawa ne?"

"Ɗari huɗu da sha biyu."

Shayi ya fantsama a kan tabarma. "Inna lillahi! A buɗe? Wa ke riƙe da teburin?"

"Babu mutum ɗaya, Baba. Kowa na ɗaukar wanda zai iya."

"Ofishi ba shugaba! Shi ya sa." Ya ajiye kofi, ya naɗe hannun riga. "Rubuta sunana. Allah ne ya so su da rahama."

Maman Nas ta san wannan naɗe hannun rigar. Da shi ya gyara fankar ɗaki, yanzu in an kunna ta baya take hurawa. Amma Nas ta yi murna, ta buɗe masa shafi da sunansa a wayarsa, ta nuna masa takardar da sabon shiga ke fara karantawa. Ta ce ya ga waɗanda aka yi wa koriyar alama, ƙananan ayyuka ne na masu koyo, ya zaɓi guda ɗaya tak ya rubuta cewa ya ɗauka.

"Ni za a ba takardar koyon aiki? Uwata, lokacin da na fara karɓar koke, uwarki ko zare ba ta iya sa wa allura ba."

"Malam, ka dai karanta," in ji Maman Nas. "Karatu ba ya cizo."

"Ke ki ji da ɗinkinki."

Washegari tun da sassafe ya zauna yana rubuta musu takardar neman aiki, shafi huɗu, da hotonsa yana karɓar agogon bango ranar ritaya. Ya bayyana cewa a shirye yake ya karɓi shugabanci, in kuma akwai mai riƙe da kujerar, zai iya haƙuri har ƙarshen wata. Amsa ta zo daga wata tsohuwa mai tabarau, wadda Nas ta ce ita ta fi kowa daɗewa a aikin. Layi biyu ne: maraba da zuwa, a nan babu kujera, a duba masu koriyar alama.

Akawu bai tsaya ko'ina ba sai shagon Mai Aski da ke bakin layi. Daga tagar ɗakin ɗinki Maman Nas ke jiyo shi.

"An karɓe ni hannu bibbiyu! Daga ƙasar waje, cikin minti arba'in!"

"Wane muƙami suka ba ka?" in ji Mai Aski, almakashi na ta ƙyas-ƙyas.

"Ana shawara. Ka san manyan wurare."

"Albashi fa?"

"Kai matsalarka ke nan, komai ciki. Aikin sa kai ne."

"Ah to. Ashe sun san darajarka."

Kafin la'asar an kafa allo a ƙofar gida, an rubuta da jan fenti: OFISHIN MANHAJA TA DUNIYA, RESHEN WANNAN LAYI. Matar Mai Shago ta kawo wayarta da ke yawan ɗaukewa. Akawu ya danna nan, ya danna can, ya miƙa mata da rubutun wata ƙasa da ko Malamar makarantar da ke gidan gaba ba ta san sunanta ba.

"An duba," ya ce mata. "A yi haƙuri."

Ranar Laraba ya shiga masu koriyar alama. Guda talatin da bakwai ne. Ya bi su ɗaya bayan ɗaya yana rubuta cewa ya ɗauka, bai bar ko ɗaya ba, kamar mai kafa turaku a fili. Wani ɗalibi daga can wata uwa duniya ya rubuto da ladabi, ko za a sakar masa guda ɗaya ya gwada hannunsa. Akawu ya amsa masa: "A bi layi. A dawo gobe."

Nas ta dawo ta gani, ta dafe kai. "Baba, ɗaya na ce!"

"Ɗaya aikin yara ne."

"To ka fara wanne?"

"Ba a fara aiki ranar da aka karɓe shi. Sai fayil ya huce."

Ta ce gobe in ta dawo za su zauna su saki talatin da shida. Ta shige ɗaki. Maman Nas ta bi ta da kallo, ta lura yau ba a yi waƙa ba.

Alhamis da safe, Nas na fita, Akawu ya shigo ɗakin ɗinki da fara'ar da Maman Nas ba ta yarda da ita ba.

"Maman Nas, sannu da aiki. Kai, wannan ɗinki, ko a kanti sai haka."

"Me kake so, Malam?"

"Lambar sirrin kwamfutar yarinyar nan. Na san ta ba ki, kina kallon sababbin yayi."

"Amana ce."

"Ni baƙo ne? Ki saurara. A wayata babu wurin rufe koke, sun ɓoye mini. A nata shafin na gani da idona, ga shi nan ja. Jibi za a duba aikinta. Wane shugaba ne zai ba mutum makulli, teburinsa na ɗauke da fayil ɗari huɗu? Ni na san ofis. Korar ta za su yi, a gaban duniya."

Nan ya same ta. Ta cire ƙafa daga kan keke. Ita dai aji shida ta tsaya, shi kuwa ya yi shekara ashirin da takwas yana sa kwat. In fa gaskiya ya faɗa? In yarinyar kunya ce ta hana ta neman taimako? Ta juya zancen a ranta sau uku, ta faɗa masa lambar a hankali, kamar mai tsoron bango ya ji.

Daga hantsi har bayan la'asar Akawu na jikin taga. Ya buɗe koke, bai karanta ba, ya rubuta "An duba, a yi haƙuri," ya danna ja. Mai Aski ya bar wani da rabin kai ya zo kallo. Mai Shago ya biyo baya. Lambar da ke saman allon na sauka, su kuma suna ƙirgawa kamar masu kallon ƙwallo.

"Saura ɗari biyu!"

"Akawu, kana karantawa kuwa?" in ji Mai Aski.

"Likita na tambayar kowace ƙwaya sunanta kafin ya ba ka?"

Da ya rufe wajen ɗari uku yatsansa ya kumbura, Maman Nas ta ɗaure masa da ƙyallen atamfa, ya ci gaba da na tsakiya. Da lambar ta koma sifili ya miƙe, ya yi miƙa har ƙashinsa ya yi ƙara.

"Abin da ya gagari duniya shekara da shekaru. Kafin magariba."

Ashe duk koken da aka rufe, saƙo ne ke tafiya ga wanda ya kawo shi da duk wanda ya taɓa sa baki a ciki. Nas ta shigo gida ko takalmi ba ta cire ba, wayarta na ta ɓari a hannu kamar an kama kifi.

"Baba, me ka yi?"

"Ba sai kin gode ba, Uwata."

"Da sunana aka rufe su! Duka! Sun karɓe ƙaramin makullin, sun ce sai an ji bayanina ranar Asabar. Abu na farko a taron ke nan."

"Na farko?" Idonsa ya yi haske. "Kin ji ko, Maman Nas? Na farko!"

"Baba, tuhuma ce!"

"Yarinya ke nan. Haka ake yi, a fara da tuhuma a ƙare da ƙarin girma. Ni sau uku ana ba ni takardar tuhuma. Hassada ga mai rabo taki ce."

A kicin Maman Nas ta sami 'yarta tana kuka ba sauti, ta tsaya a bakin ƙofa tana murza gefen zani.

"Ni na ba shi lambar."

"Na sani, Mama."

"To ki faɗa musu gaskiya mana. Ki ce tsohonki ne."

"In tsaya gaban mutanen ƙasa goma in ce ubana ne ya yi wannan? Su yi ta dariyarsa? Kwamfutata ce, laifina ne. Shi ke nan."

"Makullin fa?"

Nas ta buɗe famfo ta hau wanke kofin da yake a wanke.

Ranar Juma'a Maman Nas ta ɗinke wuyan rigar wata mata ruf, ta farke, ta sake ɗinkewa a hannun riga. Abinci ya ƙone. Da ƙyar ta samu Akawu ya yi alkawarin ba zai ce uffan a taron ba, kuma zai zauna inda kwamfuta ba ta ganin sa. Ya yarda da sauri har abin ya ba ta tsoro.

"Babban mutum ba ya fara magana," ya ce. "Sai an kira shi."

Abin da bai faɗa ba shi ne ya gayyaci layin gaba ɗaya. Asabar da yamma aka fara shigo da benci. Mai Aski a gaba, Mai Shago da matarsa da wayarta mai baƙon rubutu, Malama da jakarta, har da mutumin nan da aka bari da rabin aski. Akawu ya fito cikin kwat ɗin ritaya da laktaye, ƙyallen atamfa na nan a yatsa. Nas ta dubi falon, ta dubi uwarta. Babu inda za ta koma, intanet jikin tagar nan kaɗai yake.

Allon ya cika da fuskoki, kowa a cikin ɗan akwatinsa. Tsohuwa mai tabarau ta fara magana da Turanci, a nutse. Akawu ya karkato wajen jama'a yana fassara ƙasa-ƙasa.

"Ta ce tun da aka kafa aikin ba a taɓa ganin irin wannan ba."

"Haka ta ce," in ji Malama. "Amma dubi fuskarta."

Wani mai gemu ya karɓa, yana magana yana dukan tebur.

"Wannan godiya yake yi," in ji Akawu.

"Cewa ya yi wata takwas suna bin matsalar da ke rikita ranakun rigakafi a asibitinsu," in ji Malama, "saura ƙiris a gano ta, sai ya wayi gari an ce masa ya yi haƙuri. Ya ce haƙurin na nan zai aiko wa mai shi a cikin ambulan."

Benci ya fara rawa. Mai Aski ya cusa hula a baki.

Sai aka ba Nas dama. Ta gyara zama, ta yi magana gajeriya. Malama ta sassauta murya: "Ta ce daga kwamfutarta aka yi, ita ke da alhaki, ba ta da wani bayani." Tsohuwar ta cire tabarau ta mayar, ta yi magana a hankali. "Ta ce ta yi baƙin ciki. In haka ne ba za a ba ta babban makulli ba, ƙaramin ma ba za a mayar ba. Ta ce ko akwai mai magana kafin a ɗaga hannu."

Maman Nas ta dubi 'yarta. Shekara biyu! Ta yunƙura za ta tashi ta ce ita ce ta ba da lambar, to da wane Turancin? Ta dubi mijinta. Yana zaune ya harɗe ƙafa, yana gyara laktaye, yana jiran a kira shi. Shekara talatin tana roƙon mutumin nan ya rage cika baki. Ta matsa kusa da kunnensa.

"Malam, ka ji abin da yarinyar nan ta ce kuwa?"

"Na ji. Ladabi ne."

"Ta ce ita ta yi. Duka ɗari huɗu da sha biyun. Yanzu za su ɗaga hannu a rubuta sunanta a littafi. Kai kuma da yatsanka ya kumbura, ko a gefen takarda."

Ƙafar da ya harɗe ta sauko. Mai Aski, da kunnensa ke jin motsin kwarkwata, ya dubi Maman Nas, ya gane inda aka dosa.

"Ai dama na faɗa," ya ce da ƙarfi. "Ina Akawu ina wannan aiki? Yarinya ce ta yi, shi fifita kawai ya yi mata."

"Fifita?"

Akawu ya tashi har benci ya ɗaga da mutum uku a ɗaya gefen. Ya ture kafaɗar Nas, ya cusa fuskarsa a kwamfuta, yadda mutanen ƙasa goma ba abin da suke gani sai hanci da laktaye. Ya saki Turancin ofis, Malama na bin sa da fassara tana haki. Ya ce ba ita ba ce, shi ne, shi kaɗai, tana wurin aiki ma lokacin. Ya faɗi ƙarfe nawa ya fara, ƙarfe nawa ya gama. Ya ce lambar sirri a wurin uwarta ya karɓa da dabara irin ta manya. Ya kwance ƙyalle ya nuna musu yatsan. Mai gemu ya tambaye shi ko ya karanta ko guda ɗaya.

"Ko ɗaya! Da karantawa nake da yanzu ina na goma. Shi ya sa kuka kasa. In akwai wasu a kawo, gobe ina nan."

Sai wata mata ta fashe da dariya, mai gemu ya kifa kai a tebur kafaɗunsa na girgiza, wani ya ɓace daga akwatinsa gaba ɗaya, sai ƙafar kujera ake gani. Tsohuwar ta share hawaye da gefen mayafinta, ta tambayi Nas ko mahaifinta ne wannan, me ya hana ta faɗa.

Nas ta sunkuyar da kai. "Ubana ne," ta ce kawai.

Tsohuwar ta yi magana mai ɗan tsawo, sai hannuwa suka fara tashi a cikin akwatuna, ɗaya, biyu, har na mai gemu. Maman Nas ta damƙi hannun Malama.

"Me ta ce? Don Allah me ta ce?"

"Ta ce wadda za ta ɗauki laifin wani ta yi shiru, za ta iya riƙe makulli. Sun ba ta. Sharaɗi ɗaya, ta canza lambar sirri yau, kuma kada ta faɗa wa kowa a gidan nan."

Maman Nas ta zauna daɓas a ƙasa, tana hamdala tana dariya tana share ido duk a haɗe.

"Ni fa?" in ji Akawu. "Ba a zo kaina ba."

An zo. Tsohuwar ta yi masa bayani dalla-dalla, ya juyo wajen jama'a yana washe baki.

"Kun ji da kunnenku. An ba ni aiki na musamman."

"Ƙwarai," in ji Malama. "Ta ce su za su sake buɗe koken cikin minti ɗaya. Shi kuma zai karanta kowanne daga farko har ƙarshe, ya rubuta wa mai shi takardar ban haƙuri da hannunsa, guda ɗari huɗu da sha biyu, kuma kada biyu su zo iri ɗaya. Ayyuka talatin da bakwai ɗin ma an karɓe. In ya gama, ya karanta takardar sabon shiga."

Falon ya kece. Mai Shago ya faɗo daga benci. Matarsa ta ɗora wa Akawu wayarta a cinya ta ce ga koke na ɗari huɗu da sha uku. Mai Aski ya miƙe ya sara masa.

"Ranka ya daɗe, shugaban reshe! In zo da man zafi, ko ka fara da yatsan hagu?"

Aka watse ana riƙe ciki, kowa da bencinsa a ka. Nas ta rungume uwarta a bakin kicin, ta ɗauki kwamfuta ta shige ɗaki ta turo ƙofa. Can sai aka jiyo ƙarar madannai.

Maman Nas ta koma kan kekenta, ta ɗauko rigar matar nan ta fara farke hannun. Akawu ya leƙo, laktaye a karkace, ya yi gyaran murya sau biyu.

"Maman Nas. Wannan sabuwar lambar, in ta faɗa miki..."

"Ni ma an sallame ni, Malam," ta ce, tana gyara zare. "Yanzu ni da kai muƙaminmu ɗaya a gidan nan."

Ya buɗe baki zai amsa, ta taka keke.